Juma'ar da Ruwa Ya Ja Rabi'a

Hussaini mutumin Yauri ne, a bakin kogi aka haife shi, amma zaman Jidda ya koya masa cewa Bahar Maliya ba tsarar kogin garinsu ba ce. Umra ya zo ya zarce da zama ba takarda. Yana gyaran kifi a kasuwa, yana kwana a unguwar Karantina. Ranar Juma'a kuwa, da an sauko daga masallaci, sai ya nufi gaɓar kudu, inda iyalan unguwarsu ke zuwa shan iska don ba a hana kowa shiga.

Wurin mayaudari ne. Mutum zai yi ta tafiya a kan duwatsun murjani, ruwa iya gwiwa, sai kawai ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinsa. Tun da 'ya'yan wani Malam Na'ibi mata biyu suka nutse a nan, Hussaini da abokinsa Saleh suka ɗora wa kansu gadin wurin, ba tare da kowa ya sa su ba. Kayan aikinsu usur ne, da igiya, da tsohon tiyub na babbar mota.

Wannan Juma'ar shi kaɗai ne, don an kwashe Saleh a samamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, cikin makon. Iskar arewa kuma tun hantsi take kaɗawa. Ya busa usur har muƙamuƙinsa ya yi tsami, ya kore yara daga wannan gefe, kafin ya juyo wasu sun shiga ta wancan. Yana cikin wannan fama ya ji kururuwar mata. Rabi'a ce, maƙwabciyarsa, ta bi takalminta da ruwa ya ɗauke, ta taka inda ba ƙasa. Abayarta ta sha ruwa tana janta.

Kafin Hussaini ya iso, mijinta Mahmud mai gyaran firji ya riga ya fizgi tiyub ɗin ya faɗa, alhali ko iyo bai iya ba. Ya kai gare ta, amma igiyar ruwa ta haɗa su ta yi waje da su. Hussaini ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba maza bakinta, ya shiga. Igiyar ta ƙare tun bai kai rabin tazarar ba. Ruwa ya ɗaga shi ya maka a kan murjani, aka jawo shi ƙafafunsa na zubar da jini. Ya sake komawa, ruwa ya sake tofo shi.

Da ya zaro wayarsa daga aljihun rigar da ya tuɓe, sai mutane suka zuba masa ido. Kowa ya san me kiran jami'an tsaron gaɓa ke nufi. Wani dattijo, Malam Hadi, ya riƙe masa hannu ya ce ya dubi mutanen nan, fiye da rabinsu ba su da takarda, a jira ko jirgin masunta zai gifta. Hussaini ya duba teku. Ba jirgi ko ɗaya, baƙin tiyub ɗin kuma sai ƙanƙancewa yake yi.

Hindatu, mahaifiyar Rabi'a, ta zube a gabansa ta kama ƙafarsa mai jini.

"Ɗana, ka kira," ta ce. "In kora ce, su fara da ni."

Ya kira. Da ɗan Larabcinsa na kasuwa ya kwatanta wurin. Aka ce kada ya gusa, ya tsaya inda za a gan shi ya nuna inda ruwa ya yi da su Rabi'a. Nan da nan aka fara naɗe tabarmi, ana jan yara, motoci na tashi. Hussaini da kansa ya tura Hindatu cikin mota ta ƙarshe tana turjewa.

"Inna, ki tafi. In ta fito, ke za ta nema, kada ta iske ki a tsare."

Ya hau kan wani dutse ya miƙa hannu yana nuna ɗigon baƙin nan, ya ƙi ko ƙifta ido don kada ya ɓace masa. Hannun ya yi sanyi, ya tallafe shi da ɗayan, har jirgin ceto ya ɓullo ya bi inda yake nunawa.

Rabi'a kaɗai aka tsamo, rungume da tiyub, da sauran numfashi. Ta ce Mahmud ne ya cusa ta ciki, ya riƙe gefe har hannunsa ya saki.

Wani jami'i ya wanke wa Hussaini raunukansa, ya ba shi ruwa, ya yi masa godiya. Sannan ya tambaye shi iƙama, yana kallon ƙasa. Hussaini ya ce babu.

A inda ake tsare waɗanda za a mayar gida saƙon Hindatu ya iske shi: masunta sun sami gawar Mahmud, an yi masa sutura, Rabi'a kuma ta fara cin abinci amma ba ta magana da kowa. Ya juya fuskarsa bango ya yi kuka mai isarsa. Bai ƙara tambayar komai ba har aka kira sunansa cikin masu hawa jirgin Kano.