Makunnin da Ke Ƙarƙashin Sitiyari

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran motar nan kafin ƙanina ya saye ta. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce hassada na yi ba gaira ba dalili. Hassadar dai na yi, ban musa ba, amma ku ji yadda aka yi tukuna.

Jar mota ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta tsere, gajeruwa har sai mutum ya durƙusa kafin ya shige ta. Ta girmi ɗana na fari nesa ba kusa ba. Mai ita wani tsohon likita ne da ke zaune a ƙarshen layin da garejina yake, kuma tun da na buɗe garejin ba ya barin kowa ya taɓa ta sai ni. In aka tayar da ita gurnani take yi, wanda kake ji a ƙirjinka kafin ya iso kunnenka. Ni bakanike ne, na kwanta a ƙarƙashin motoci sun fi dubu, amma ita kaɗai ce nake wanke hannu da sabulu kafin in riƙe sitiyarinta.

Tsohuwar mota kuwa ba ta rasa ciwo. Shekara shida da suka wuce, ɗan abin da ke kunna fankar lagireto in injin ya yi zafi ya mutu. Muka nema ko'ina, aka ce an daina yin sa. Allurar da ke nuna zafin injin ita ma ta maƙale a tsakiya, ko ruwa na tafasa ba ta motsi. Sai na ja waya na haɗa wa fankar wani ɗan baƙin makunni a ƙarƙashin sitiyari, ta hagu, inda ido ba ya kaiwa. A babban titi iska ta ishe ta sanyaya injin. In an shiga cunkoso kuwa, dole mutum ya miƙa hannu ya kunna fanka, in ba haka ba ta dafa kanta. Likita ya ji daɗin dabarar, ya ciro ɗan littafin da yake ajiyewa a durowar gaban mota ya rubuta. Komai na motar sai ya rubuta shi, kamar majinyaciyarsa ce.

Da Allah ya yi masa rasuwa, na san matarsa za ta sayar. Na daɗe ina tanadi saboda wannan ranar, ni da maiɗakina kaɗai muka sani. Amma kunya ta hana ni zuwa da wuri. Yaya za a yi mutum ya rasu jiya, yau in je ina taya motarsa? Na ce bari kwanaki su ɗan ja.

Ana nan, wata ranar Laraba ina ƙarƙashin wata tsohuwar bas ina fama da salansa, sai na ji gurnanin nan a ƙofar gareji. Ko a mafarki na san shi. Na turo kaina waje da sifana a hannu, sai ga Auta yana fitowa daga ciki, da taye a wuya da baƙin tabarau, bakinsa har kunne. Auta ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Ni na goya shi, ni na raka shi makaranta ranar farko yana kuka da majina. Yanzu aikin ofis yake yi, irin wanda ake zama cikin sanyi ana danna kwamfuta. Ko fulogi aka ɗora masa a tafin hannu bai san mene ne ba.

"Yaya, ka ga abin arziki!" in ji shi. "Kai ka sa na so ta fa. Kullum a gidan Inna ba ka da zance sai motar Likita."

Wato da bakina na yi masa tallarta. Na ce masa Allah ya sanya alheri.

Ya zagaya da ni yana nuna mini motar da na san kowane noti nata. Ya buɗe durowa ya ciro littafin Likita, ya ɗan buɗe, ya tuntsire da dariya.

"Rubutun likitoci! Sai ka ce kaza ta yi tonon ƙasa." Ya jefa shi ciki ya rufe. Sannan ya juyo ya dube ni irin kallon da yake yi mini tun yana yaro in zai tsallaka titi. "Yaya, kai ka san ta. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Makunnin yana nan, bai fi taku ɗaya da gwiwata ba. Na dube shi, na dubi tayen da ke wuyan Auta.

"Ka riƙa duba baƙin mai," na ce. "Ka sa ido a kan allurar zafi. In tana tsakiya, lafiya lau."

Ba nufina in kashe motar ba ne, Allah ya sani. Lissafina mai sauƙi ne. Wata rana zai shiga cunkoso, ta yi tururi, ya tsorata ya tsaya ya kira ni. In je in girgiza kai, in ce masa tsohuwar mota irin wannan sai bakanike, za ta ƙarar da kai a banza. Shi kuma ya gaji ya sallama mini ita.

Sai dai abin ya ƙi zuwa. Damina ce, gari a sanyaye, shi kuma gidansa a bakin babban titi yake, yana fita aiki tun kafin hanya ta cika. Wata huɗu cur fankar nan ba ta juya ba, motar kuma ba ta nuna ba.

Ta wasu wuraren dai ta gasa masa aya a hannu, ni kuma ina gefe ina jin daɗi. Fetur take sha kamar ana zuba shi a ƙasa, kuma sai mai kyau, in ba haka ba ta kama tari. Tayoyinta masu faɗi ne, babu irinsu a shagunan gari, sai da aka yi oda ya jira mako uku. Ga ta da ƙasa-ƙasa, duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai ya kankare mata ciki, har salansa ta tsage sau biyu. Kuloci ya tafi. Roba ɗaya ta baƙin mai, wadda a wata motar da kuɗin shan shayi za ka saya, a nan sai da ya yi kwana biyu yana tsaki. Kowane mako yana garejina. Ina jira ya ce ya gaji, shi kuwa sai ya biya yana murmushi, ya shafa bonet ya ce, "Ai ta cancanta, Yaya." Matasa su taru suna ɗaukar hoto da shi a ƙofar garejina, ni ina tsaye da baƙin mai har gwiwar hannu kamar ɗan aikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake tuƙa ta. Yana canja giya tana kuka, yana taka totur tun injin bai ɗumama ba. Kai! Wani lokaci sai in shige ciki don kada in gani.

Maiɗakina ta san zancen makunnin, don ranar da na haɗa shi na dame ta da labarinsa. Wata safiya tana zuba mini ruwan zafi ta ce, "Ka dai gaya wa Auta maganar fankar nan ko?"

"Zan gaya masa."

"Wata huɗu kana za ka gaya masa. Ɗan'uwanka ne fa, Baban yara. Wannan abin da kake yi ba shi da kyau, kuma ka sani."

"Ke me kika sani a mota?" na daka mata tsawa. Ta ajiye butar ta fita.

Ruwa ya ɗauke, zafi ya dawo. Wata ranar Asabar da tsakar rana wayata ta yi ƙara, na ga Auta ne. Ina ɗauka na ji hon ta ko'ina.

"Yaya, na ɗauko Inna zan kai ta asibiti a duba mata gwiwa. Ana gyaran gada, mun fi minti ashirin ba ma motsi. Ina jin wani wari kamar roba na ƙonewa. Amma allura na tsakiya."

Ban taɓa kawo Inna cikin lissafina ba. Magana guda ce kawai: miƙa hannun hagu ƙarƙashin sitiyari, danna. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji tambayar da za ta biyo baya. Wane makunni? Tun yaushe ka san da shi? Kuma Inna tana zaune a gefensa, tana ji.

"Kashe ta," na ce. "Kashe ta ka tsaya."

"A tsakiyar gada? Za su cinye ni ɗanye! Ga shi ma an fara tafiya, saura kaɗan mu sauka. Ai kai ka ce in allura na tsakiya lafiya lau."

"Auta..."

Ya katse kiran. Na tsaya riƙe da wayar kamar wani gunki. Minti nawa na yi a haka, ban sani ba, wataƙila biyar. Da na dawo hayyacina na kira shi don in faɗa, kome zai faru ya faru. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake kira sau shida.

Sai da yamma janwe ya shigo da ita layinmu, gabanta a sama. Tun kafin a sauke ta na ji warin. Na ɗaga bonet, na zaro sandar baƙin mai, na ga man ya koma fari-fari, ruwa ya gauraye da shi. Na haska fitila a gefen injin, ga tsaga nan doguwa kamar tsawon yatsana. Injin ya buga, irin bugun da ba a tashi. Kuma na fi kowa sanin cewa babu inda za a samo irinsa, don ni da Likita mun taɓa nema ko don ajiya.

Auta ya sauko daga janwen, rigarsa sharkaf da gumi. Na tambaye shi Inna.

"Tana gida. Da ƙafa ta sauko daga gadar, cikin ranar nan, tana dafa ni. Asibitin ma ba mu samu zuwa ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro littafin Likita, an lanƙwasa kusurwar wani shafi.

"Bayan na sa ta a tasi, awa biyu na yi ina jiran janwe. Ba abin yi, sai na zauna na koyi karanta tonon kaza." Ya buɗe shafin ya karanta a hankali, yana bi da yatsa. "Allurar zafi ta mutu, kada a yarda da ita. Fanka sai da makunni, ƙarƙashin sitiyari ta hagu. Bakanike ne ya haɗa, aikinsa ya yi kyau."

Ya rufe littafin.

"Na laluba na same shi. Na danna. Fankar ta tashi nan take, tana juyawa lafiya lau. Likita ya yi gaskiya, aikinka ya yi kyau."

Na ce, "Auta, ka tsaya ka ji."

"Na tambaye ka ranar farko. Yau ma na kira ka, da Inna a gefena." Ya ɗora makullin a kan littafin, ya ajiye su a kan bonet. "Ban san kana son ta haka ba. Da ka buɗe baki ka faɗa, mota ce kawai. Ga ta nan, taka ce."

Ya juya ya tafi. Har ya fita daga layin bai waiwayo ba, kuma sai bayan ya ɓace na lura tun da ya sauko daga janwen bai ce mini Yaya ba ko sau ɗaya.

Bai gaya wa Inna ba. Har yau in na je gaishe ta cewa take, "Allah ya so ma kana nan, da wa zai karɓi wannan gawar motar daga hannun yaron nan?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka ne.

Motar tana nan a kusurwar gareji, na lulluɓe ta da tamfol. Tawa ce, da takardunta da komai. Auta ya sayi wata ƙaramar fara mai ƙofa huɗu, irin wadda kowa ke hawa, kuma a garejin da ke tsallaken titi yake kai ta. Daga inda nake aiki ina hango shi yana tsaye, yana tambayar wancan bakaniken ko akwai abin da ya kamata ya sani. In muka haɗa ido yakan ɗaga mini hannu, kamar yadda ake yi wa maƙwabci.