Bishiyar Bakin Ƙofar Lakwal

A wani ƙauye kusa da Ollelewa akwai lakwal, wato makarantar boko, mai ɗakunan karatu uku. Tana da shugaba, Mushe Sabi'u (Mushe ake ce wa malamin lakwal), mutumin Damagaram mai son tsari. Tana da yara kusan ɗari, da rijiya can bayan gari, da tsohuwa Hajjo mai tuyar ƙosai a bakin ƙofa. Abin da ba ta da shi inuwa ce. Ko bishiya ɗaya babu a filin. In rana ta take, sai Hajjo ta kifa faifai a ka.

Mushe Sabi'u ya zana lambun da yake so a babbar takarda, ya liƙa a bango: bishiyar dogon yaro goma sha biyu a jere, kowane aiki da watansa. Sai dai shekara a wurinsa tana farawa ne a Oktoba, ranar dawowa daga hutu, daidai lokacin da ruwa ya ɗauke ana yankan gero. A nan ake dashe, har da jawabi. Yara su yi ta jigilar ruwa a jarka har bazara, rijiya ta ja baya, bishiyoyi su bushe. Kafin damina ta sauka an rufe lakwal, Mushe ya tafi Damagaram. Haka aka yi shekara uku.

A ta huɗu aka ba 'yan aji biyar dashe a baƙar leda. Raishatu, jikar Hajjo, ita ta samu ramin bakin ƙofa, inda kakarta ke zama.

"Iya, bana kin yi ban kwana da faifai."

"Ke tafi can," in ji Hajjo. "Malaminku jana'iza ya iya. Kowace shekara gawa goma sha biyu. Wa ya taɓa shuka bayan an ɗaure dami?"

Maganar ta tsaya wa Raishatu a rai. Ranar dashe ta karyo reshe mai ganye daga bishiyar masallaci. Mushe na tsakiyar jawabi ta soka reshen a rami, ta ɓoye dashen na gaske cikin hijabi. A gida ta ajiye shi gindin randa, inda ruwa ke ɗiga, Hajjo kuma ta ɗauki aikin korar akuya.

Kwana uku reshen ya yanƙwane.

"Raishatu, naki ne ya fara mutuwa," Mushe ya ce da takaici. "Sakaci ne. Sharar aji, mako guda."

Ta yi sharar. Kafin ƙarshen bazara sauran goma sha ɗayan sun bi sahu.

Bayan ruwa na uku, ranar da maza suka fita shuka, Raishatu da Hajjo suka kai dashen raminsa, suka zuba taki, suka kewaye shi da ƙaya. Damina ta yi sauran aikin.

Da Oktoba ta zagayo, Mushe ya sauka daga babur ya tarar da bishiya kore shar, ta kai masa ƙugu. Ya zagaye ta sau biyu, ya sa aka buga ƙararrawa.

"Kun gani? Saiwa ba ta mutu ba! Dashen Oktoba ya farfaɗo. Bana ashirin da huɗu za mu dasa, ranar Asabar."

Yara suka dubi juna, kowa na tuna nauyin jarka. In Raishatu ta yi shiru, bishiya ashirin da huɗu za su mutu saboda ita. In ta yi magana, asirinta ya tonu gaban kowa. Ta ɗaga hannu a hankali, ta faɗi yadda aka yi.

Mushe ya cire tabarau. "To bara, me na yi wa jawabi a ramin nan?"

"Reshe ne, Mushe."

"Kuma ya saurara da kyau," Hajjo ta ce daga bakin kasko.

Fili ya kaure da dariya. Mushe shi ma ya dara. Ya shiga ofis ya ciro takardar bango, ya juya bayanta, ya durƙusa kusa da Hajjo.

"Inna, ki faɗa in rubuta."

"Yanzu a tara ƙaya da taki. Da ɗari a yi rainon dashen a leda, gindin randa. Da bazara a haƙa rami. In ƙasa ta sha ruwa, a dasa."

"Amma da damina ba na nan."

"Ɗana, ai ruwan bai taɓa tambayarka ba."

Ranar Asabar ba a yi jawabi ba. Kowane yaro ya tafi gida rungume da ledarsa. Raishatu ta tsaya tana jiran hukunci, Mushe ya ce sharar bara ta wadatar.

A ranar Raishatu ta gane cewa bishiya ba ta san ranar buɗe lakwal ba, ruwa take jira, kuma wanda ya san haka bai kamata ya yi shiru ba.