Famfon Motar Mai Ƙwai

Wata bakwai ta yi a garejin ba a ba ta aikin da ya wuce wanke notuna ba. Kullum da safe sai a turo mata tasa cike da gas, a zube mata ƙarafa a gaba, ta zauna kan tsohuwar taya tana gurza su da buroshi har fatar yatsunta ta daddare. Takardar da ta samo a kwalejin fasaha tana cikin jakarta, naɗe a leda. Saboda takardar nan ne suke kiranta Injiniya, kuma duk wanda zai faɗa sai ya ja ƙarshen kalmar yadda kowa zai ji. Ita kuwa amsawa take yi, kamar da ma sunan da aka raɗa mata ke nan.

Ranar Laraba wani dattijo da ake kira Mai Ƙwai ya shigo da motarsa. Doguwa ce mai shan gas, ta girme wa Injiniya nesa ba kusa ba. In babu kaya tana tsayawa daidai, amma da ya jera kiret-kiret na ƙwai a baya sai ta durƙusa, salansa na jan ƙasa, duk ramin da ta faɗa sai an yi asarar ƙwai. Irin waɗannan motoci suna da wani ɗan famfo a gaban inji da ke tura mai ta siraran bututu zuwa shokozoban baya, ya ɗago motar duk lokacin da kaya suka danne ta. Shi ne ya daina aiki.

Maigidan garejin ya leƙa inji, ya goge hannu.

"Baba, famfon nan ya gama zamaninsa. Mu cire shi, mu toshe gurbinsa da faranti, mu sa maka sifirin mai ƙarfi a baya. Kowa haka yake yi."

"Mai ƙarfi?" in ji dattijon. "Ɗana, ƙwai nake ɗauka fa, ba bulo ba."

"Famfon bai mutu ba."

Daga wajen tasar wanki maganar ta fito. Ƙato, babban makanikin garejin, ya juyo da tumbinsa gaba ɗaya.

"To! Malama za ta fara darasi. Ku kawo benci mu zauna."

Ba ta ko dube shi ba, Maigida take kallo. "Na ji warin tankin da aka buɗe. Man birki aka zuba a ciki, ba nasa ba. Shi ya kumbura robobin famfon. In an canza su aka wanke bututun, zai tashi."

"Ai kuwa nan na kawo ta wancan watan aka ƙara mata mai," in ji Mai Ƙwai.

Ƙato ya duƙa yana neman wani abu a akwatin kayansa.

Maigida ya dube ta ya ce, "Na ba ki zuwa Asabar, ƙarfe biyu. In ta ɗaga, na raba ki da wanki, in ba ki ramin aiki naki. In ba ta ɗaga ba, Ƙato ya cire famfon, ke kuma ki koma tasarki, kada in ƙara jin bakinki a kan aikin mutane."

"Na ji, Maigida."

Noti huɗu ne suka riƙe famfon, ɗaya kansa ya cinye, shi kaɗai ya ci mata yinin Laraba. Ranar Alhamis ta bi layin masu kayan mota shago shago da tsofaffin robobin a tafin hannu. Duk inda ta shiga tambaya ɗaya ce: wa ya aiko ki? A shago na tara wani tsoho ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta, ya zazzage mata shi ta tsinci nata da kanta. Da ta dawo, sifana mai lamba goma sha uku ta ɓace. Ba ta tambayi kowa ba. Ta gan ta a saman katanga, inda hannunta ba ya kaiwa, ta jawo durom ta hau ta ɗauko.

A gida mahaifiyarta ta kama hannunta ta juya shi. "Da wannan za ki ci abinci?"

"Shi ke gare ni, Umma."

Sau uku ta wanke tanki da bututu ranar Juma'a, sai da man ya fito fes.

Asabar da rana ta ɗora motar kan rami, ta tada inji. Mai Ƙwai na tsaye gefe, hannu a baya. Injin ya yi ta kaɗawa. Motar ko motsi.

Ƙato ya kare ido da hannu kamar mai hangen nesa. "Ta ɗaga ne? Ni dai tsufa ya fara taɓa min ido."

"Babu kaya a ciki," in ji ta. "Ba ta ɗagawa sai an danne ta. Mutum huɗu su shiga baya."

"Ni da gemuna in shiga but kamar akuya? Allah Ya kiyaye."

Ta dubi sauran makanikan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya tuna da birkin da ya bari a kwance, wancan ya ce bayansa ke ciwo. Maigida yana bakin ofis yana kallo.

A can ƙarshen fili akwai tarin matattun batura. Ta je ta rungumo ɗaya, ta taho da shi a ciki, ta dire a but. Ta koma. A na biyar ruwan batir ya zubo ya ci mata gaban riga. Daga na takwas sai ta riƙa ajiyewa a tsakiyar hanya tana sake ɗauka. Mai Ƙwai ya matso zai kama mata, ta ce, "Bari, Baba, za ka ɓata kayanka." Goma sha ɗaya ta kawo. Motar ta durƙusa har taya ta kusa ɓuya. Ta kafa sanda a gefe, ta ja layi da alli a jikin sandar daidai bakin bodi.

"Baba, shiga ka taka min totur kaɗan. Riƙe haka."

Minti ɗaya ya wuce, bodi na nan kan layi. Ƙarfe biyu saura minti goma. Ta san iska ce ta maƙale a bututu. Ta sauka cikin rami, ta lalubo ɗan notin fitar da iska, ta sassauta shi. Kumfa ta feso mata a fuska. Ta runtse ido, ta jira har ta ji mai zalla na bin hannunta zuwa gwiwa, sannan ta ɗaure.

Lokacin da ta fito, Ƙato ya riga ya ɗauko sifanunsa ya zauna a bakin but, ƙafafunsa a ƙasa.

"Bari in huta kafin a fara aikin gaske. Injiniyaaa, ki tanadar min gas mai kyau, notunan famfon nan za su sha wanki."

Yana cikin dariya ya yi shiru. Ya dubi ƙafafunsa. Dugadugansa sun bar ƙasa, kan yatsu kawai ya rage, kuma motar ba ta daina turo shi sama ba, a hankali, shi da baturan duka.

"Kai! Kai, Baba, saki totur ɗin nan!"

Dattijon bai saki ba. Ta tagar mota ake jin dariyarsa.

Maigida ya tako, ya duƙa ya dubi sandar. Bodi ya wuce layin alli da yatsa huɗu. Ya miƙe, ya dubi agogonsa.

"Litinin akwai wata mota mai kukan giya, za ta hau rami na biyu. Taki ce. Yanzu a mayar min da baturana inda aka same su."

"To, Maigida."

Ta goge fuska da hannun riga. Ƙato na zaune a bakin but ɗin har yanzu, ya tare hanya.

"Matsa," in ji ta.

Ya matsa. Ta rungumi batir na farko ta nufi ƙarshen fili.