Awakin da Ɗalha Ya Bari Suka Wuce

Haliru na Kalgo, kai ka cinye mini irin shinkafata. Ban ce awaki ba, na ce kai. Awaki dabbobi ne, ba su taɓa zaunar da ɗan kowa sun koya mishi rufe ido da rana tsaka ba.

Ni ce Larai ta Gwandu, uwar Ɗalha mahauci, wanda kake kira ɗan dambenka. Ban yi boko ba, jikata Rahama ke rubutawa, kuma na ce mata ko harafi ɗaya kada ta tausasa.

Zan faɗi gaskiya ko da ta taimake ka. Kafin Ɗalha ya zo hannunka, damben banza yake yi. Da ya ji kalangu sai jininsa ya hau, ya ruga fili kamar bijimin da ya tsinke igiya, turmin farko a shimfiɗe shi ƙasa. Kaka uku ina gasa mishi haƙarƙari da ruwan zafi. Sai aka ce akwai wani tsohon ɗan dambe a Kalgo mai rabin kunne, yana gyara masu zafin kai. Na ce ya tafi, ko na huta da hura wuta.

Me ka koya mishi? Zama. Ya dawo gida kullum da hantsi ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido, yana jan numfashi a hankali, yana maimaita waƙarka a zuci:

Tsaya kamar kuka, iska za ta gaji.
Ido ya kwanta, kunne ya yi kiwo.
Wanda ya riga fushi ya riga faɗuwa.

Kuma ka ce mishi duk abin da ya shigo kunne ya san da shi, amma ya bar shi ya wuce kamar ruwan gulbi, kada ya motsa sai ya gama. To, ya yi sanyi, ban musa ba. Matarsa Nafisa har ƙiba ta yi, don an daina yi mata tsawa kan gishirin miya.

Ran Talata na shanya irina a tabarma tsakar gida. Jar shinkafa ce, mai ƙamshi, wadda uwata ta ba ni da hannunta, ita ma uwarta ta ba ta. Ba a sayar da ita a kasuwa. Shekara arba'in ina ware ta daban, ko yunwa ta matsa ban taɓa dafa irin ba. Za ni bikin suna a Masama, Nafisa ta tafi ganin gida, sai na ce, “Ɗalha, ga iri nan, ka kula.” Ya ce, “Inna, yanzu ai kulawa ce sana'ata.”

Na dawo bayan azahar. Ga Ɗalha zaune bakin tabarma, ido rufe, fuska fes kamar ango. Ga tabarma ita ma fes.

Na ce, “Kai, ina irina?”

Bai ko buɗe ido ba. Ya ce, “Awaki ne, Inna. Su bakwai. Ɗaya da ƙararrawa, ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya. Na gidan Sule ne, na gane tarin bunsurun.”

“Ka ji su?”

“Sarai. Har taunarsu na rarrabe.”

“Da ka ji su sai ka yi me, ɗan nema?”

“Na bar su sun wuce.”

Na ɗauko muciya. Na zagayo ta bayansa a hankali, ban ko ja takalmi ba, na kai mishi ɗaya a ƙeya. Ya sunkuya. Ido rufe fa! Na kai ta dama, ya kauce hagu. A karo na uku muciyar ta sami turmi, ta rabe biyu. Tun yana rarrafe muciyata ba ta taɓa kuskurensa ba sai ranar. Binta maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana dariya har da riƙe ciki, wai, “Larai, a ɗaura miki zare ki shiga fili mana!”

Da ya tashi na share inda ya zauna, na sami tafi ɗaya. Iyakar abin da ya tsira ke nan, shi ma don ya danne shi ne.

Ran Juma'a na hau mota na bi shi Kalgo, ba don kallon dambe ba, don in kama ka. Aka haɗa shi da wani ƙato, Habibu, hannu kamar taɓarya. Makaɗa suna ta zuga, Ɗalha ya tsaya cak, leɓensa kawai ke motsi. Habibu ya kawo, ya kauce yadda ya kauce wa muciyata. Ya sake kawowa, iska ya daka. Turmi na biyu Ɗalha ya sa mishi guda ɗaya, ƙaton ya zauna daɓas. An ce wai na yi guɗa har ɗankwalina ya faɗi. Na yi. Ɗana ne, ba naka ba.

Sai ga ka kana washe baki. “Inna Larai, kin ga aiki?”

Na ce, “Na ga aiki. Ina irina?”

Ka ce in ja numfashi in bar maganar ta wuce. Kafin in sami abin jifa ka shige cikin taro.

To ba ta wuce ba. Tafi ɗaya ba ya shuka fadama. Mace ɗaya ta rage da wannan iri, Jidda ta Malisa, kuma ta ji labari, ta rantse ba za ta ba gidan da ake zuba wa awaki ido ba. Kai ka ɓata, kai za ka je ka durƙusa mata ka karɓo, tun da ka iya zama. Sannan ka ƙara baiti a waƙarka: in abin da kunne ya ji akuya ce, a tashi a kore ta.

Na sayi sabuwar muciya, Haliru, kuma kai rabin kunne gare ka. Ka zo Gwandu kafin ruwan farko, ka tsaya gaban mai unguwa, ka faɗa wa jama'a wa zai amsa mini irin uwata.