Langa Mai Jan Murfi

A lungun su Sada, can bayan Ƙofar 'Yandaka, magidanci ba ya cin tuwon dare a ɗakin matarsa. Da an sallame magariba kowa zai shiga gida ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Sammani, wanda shi ne babba a lungun, a jere kwanonin a tsakiya. A buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ciyayya ke nan, haka suka taras iyayensu na yi. Ba a tambayar mutum me ya kawo. Amma kowa na da ido.

Kwanon Sada langa ce mai jan murfi. Mariƙin murfin ya taɓa ɓallewa, shi ya liƙe shi da hannunsa, don walda ce sana'arsa. Jikan maƙera ne. Ya bar maƙerar gidansu ya kama aiki a wani garejin gwamnati inda ake gyaran motocin noma, ya shekara da shekaru a can. Ana gab da ƙarshen mulkin soja aka wayi gari an sa wa garejin kwaɗo, aka ce kowa ya koma gida sai an neme shi.

Ba a neme shi ba. Duk da haka Sada bai karaya ba, tunda ga siyasa ta dawo. Ya bi layi cikin rana ya jefa ƙuri'a, ya dawo yana nuna wa mutane tawadar da ke yatsansa. Ranar da soja suka miƙa mulki, rediyo a kunnensa ya wuni. A wajen ciyayya maganarsa ɗaya ce kullum: talaka ɗan gwamnati ne, ita ke da haƙƙin ɗaukarsa, kuma yanzu da farar hula suka hau za a buɗe gareji. Taimakon mutum ɗaya, in ji shi, yayyafi ne, ba ya jiƙa gona.

Mai ja da shi Talle ne, maƙwabcinsa da suke katanga ɗaya. Bafillace ne da ya zauna birni, yana dillancin shanu a kara. Tsakanin Bafillace da maƙeri kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka ba mai raga wa wani.

"Bawana," Talle kan ce, "gwamnatin nan taka ta san sunanka kuwa? In ka kwanta ciwo ita za ta zo dubiya?"

"Kai mi ka sani ban da wutsiyar saniya?" in ji Sada. "Titin da kake bi zuwa kara, kakanka ya shimfiɗa shi?"

A yi dariya, a jawo kwano na gaba.

Damina ta faɗi, hatsi ya hau. 'Yar waldar da Sada kan samu a shagon wani ta tsaya, don wuta ba ta zama. Langa ta fara sauƙi. Tuwon shinkafa ya koma na masara, miya ta rasa mai, sannan ta rasa nama ko na ƙamshi. Hauwa'u, matarsa, ta fitar da tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce masa komai ba, shi ma ya yi kamar bai ga kabad ɗin na yin fili ba. Har ranar da ɗan garin da ya rage ta dama wa yara kunu da shi, langa ta kwana a kife.

Sada bai fita ba ran nan. Washegari ma haka. Da Malam Sammani ya tare shi bayan sallar asuba, sai ya ce cikinsa ne ke damunsa, an hana shi abu mai nauyi da dare. Malam ya yi masa addu'ar samun sauƙi, bai ƙara ba.

Ba yunwa yake tsoro ba. Yunwa a cikin gida take, ba ta leƙa waje sai ka fitar da ita. Abin da ya hana shi sukuni shi ne ya zauna a tabarmar nan hannu rabbana, ya ci na mutane, shi da ya cika baki cewa ba a jira daga hannun mutum. In kuma ya ci gaba da ɓuya, wurinsa zai cike. Za a daina matsa masa, daga nan a daina tambayarsa, shi ke nan ya fita daga sahun magidanta yana raye. Daga ɗaki yakan ji ƙarar murfin kwanoni da dariyar Talle, sai ya ƙara wa rediyo murya.

Ana nan sai aka yi shela cewa sabon kansila, Alamin, ya samo hatsi za a raba wa masu ƙaramin ƙarfi a filin makarantar firamare. Alamin ɗan unguwa ne, a gabansu ya girma, ba shi da mugun hali. Sada ya ce a ransa, to ga ta nan, abin da nake faɗa ke nan. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi.

Ya taras an kafa rumfa, an jera kujeru, ga lasifika, ga mai ɗaukar hoto. Duk wanda layi ya zo kansa sai ya kama bakin buhu, wani babban mutum ya kama ɗaya bakin, su tsaya a ɗauka. Mai lasifika na ta nanata kalmar gajiyayyu. Hatsin na gaske ne, gero mai kyau, kuma Sada ya ga tsofaffin da suka karɓa suna sa albarka har da hawaye. Bai ga laifin kowa ba. Ƙafarsa ce dai ta ƙi. Ya tsaya gindin wani itacen bedi har inuwa ta juya.

Alamin ya hango shi, ya taso ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya ce ko Baba Sada ya zo ganin yadda abin ke tafiya ne. Sada ya ce ƙwarai kuwa, abu ya yi kyau, haka ake so. Ya juya ya kama hanyar gida, rigar Juma'a na manne masa a baya.

Da ya dawo daga magariba ya nufi ɗaki kamar yadda ya saba kwanan nan, sai Hauwa'u ta tare shi a tsakar gida. Langa ce a hannunta, ta riƙe ta da tsumma saboda zafi.

Ya tambaye ta ina ta samu.

"Baban Fadila, ban yi sata ba, ban yi roƙo ba. Yara sun ci. Ka fita da kwanonka."

Ya so ya ƙara tambaya, amma nauyin langar ya riga ya shiga hannunsa. Ya fita.

Aka matsa masa kamar jiya ya tashi. Malam Sammani ya tambayi ciki, ya ce da sauƙi. Aka ci na Malam, aka ci na Babaji tela, aka ci dambun da Talle ya kawo. Aka jawo langa mai jan murfi. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa. Tururin na tashi, Sada ya gane ƙamshin.

Man shanu. Duk lungun mace ɗaya ce ke zuba man shanu haka, kamar ba da kuɗi ake saye ba: Rahmatu, matar Talle, wadda 'yan'uwanta ke aiko mata da shi daga ruga. Ta yi dabara, ta girka abu biyu daban don kada kwanon mijinta da na Sada su yi kama. Hannunta ne ya ci amanarta.

Sada ya saci kallon Talle. Talle ya gutsuro ƙatuwar loma, ya dangwali miya, ya ce lalle Hauwa'u ta iya girki, illa dai ta yi asarar miji. Aka yi dariya. Sada ya ci loma kaɗan ya janye hannu.

Washegari langa ta sake cika. Wannan karon daddawa ce ta yi yawa, irin ta gidan Malam Sammani. Wanshekare yaji ya kusa fasa masa hanci, ya san matar Babaji ce. Shekaru yana cin tukwanen nan, ya san hannun kowace kamar yadda yake gane ciwon inji daga kukansa. To in shi ya gane, mazansu fa? Ke nan kowa na cin tuwon gidansa a cikin langar Sada, yana yabon Hauwa'u. Ke nan duk sun sani.

Wata rana da la'asar sakaliya ya yi kamar ya fita, ya tsaya a zaure yana leƙe. Ya ga Hauwa'u ta kifa turmi a gindin katanga, ta hau, ta ɗaga langa sama. Wani hannu mai lalle da warwaro ya bayyana daga ɗaya ɓangaren ya karɓe. Ba wadda ta yi magana. Daga gidan Talle kuma akwai wata katangar, bayanta akwai wata.

Ya shigo fuska a murtuke. Ya ce ta tona masa asiri, ta mai da shi abin tausayi a lungun da aka haife shi, daga yau kada langarsa ta ƙara hawa katangar wani. Ya faɗi maganganu da yawa. Hauwa'u ta sauko daga turmin, ta gyara ɗaurin zanenta, ta bari ya gama.

"Shekarar da Babaji ya karye, ya yi wata da watanni bai hau keken ɗinki ba, kwanonshi ya taɓa fashi a tabarma?"

Sada ya ce a'a.

"Ka tuna miyar taushen da kake dawowa kana yabo? Har ka ce in tahi gidanshi in koyi girki wurin matarshi?"

Ya tuna.

"Tawa ce."

Ta ɗauki turminta ta mayar inda yake. Ta ce abin nan ya girme ta, ya girme shi. Uwarsa ma ta hau turmi a gindin katangar nan. Duk mazan lungun sun sani, sun kuma san ba a faɗa. Shi kaɗai ne bai lura ba, don lokacin da wasu ke tauna, shi yana bayanin gwamnati.

Sada ya zauna a bakin rijiya. Ya daɗe yana kallon katangar. Ta laka ce, damina ta zaizaye ta, kuma a samanta akwai wani wuri da ya yi sumul, ya ɗan lotsa, faɗin gindin kwano. Tun yana yaro yake ganin wurin. Bai taɓa tambayar kansa me ya goge shi ba.

Aka kira magariba. Ya je ya dawo. Hauwa'u ta miƙo langa, ya karɓa da hannu biyu.

A tabarma Talle bai jira an buɗe kwano ba ya fara. Ya ce yau ya bi ta ƙofar gareji, ya ga kwaɗon nan ya yi tsatsa, ƙila sai an nemo mai walda ya yanke shi. Sada ya ce za a buɗe, ko ba yau ba, kuma bai canza magana ba: mutum mai sana'a aiki yake so, aiki irin wannan kuwa ba maƙwabcin da zai iya ba da shi. Ya jira Talle ya rama.

Talle ya ɗan yi wasa da bakin tabarma. Can ya ce wannan gaskiya ne. Tuwo dai ana iyawa. Gareji ya fi ƙarfin lungu, Allah ya sa su buɗe.

Aka jawo langa. Murfin na tashi ƙamshin man shanu ya gauraye wurin.

Magana ta taso wa Sada. Yana so ya kama hannun Talle, ya dubi Malam, ya dubi Babaji, ya faɗi abin da ke ransa. Ya ɗaga kai sai ya ga Malam Sammani na kallonsa, kallon da dattijo kan yi wa mai shirin yin katoɓara. Nan take ya gane. In ya yi godiya a fili, tuwon ya zama sadaka, shi ya zama mai karɓa, kuma duk wanda langarsa ta taɓa hawa katanga an tona shi ke nan. Aikin matan ya lalace.

Ya haɗiye maganar. Ya sa hannu ya gutsuri tuwo.

"Hauwa'u dai kwanan nan ta koma Bafillata," ya ce. "Man shanu kamar a ruga. Allah shi yi mata albarka, ita da duk wanda ya koya mata. Allah shi rufa masu asiri duniya da lahira."

Malam Sammani ya shafa fuska ya ce amin. Babaji ya ce amin, bakinsa cike.

Talle bai ɗago ba. Ya tura langar gaban Sada da bayan hannu.

"Ci tuwo, bawana. Surutunka ya yi yawa."

Sada ya ci. Ran nan bai janye hannu ba sai da ya ga gindin langa.