Rakiyar Nas da Tela

Ƙanwata ta haura sittin, mijinta ya daɗe da rasuwa, sai kwatsam ta ce za ta auri Tela. Nas ake ce mata, don a asibiti ta yi aiki har ta yi ritaya. Shi ma Tela matarsa ta rasu. Yana fama da ciwon suga, ga wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Kullum da hantsi takan je shagonsa ta wanke masa, ta ɗaure. Daga wankin gyambo aka kai ga zancen aure.

Matan zumunta na cocinmu suka yi ta sa mata albarka. "Kai, baiwar Allah! Jinya za ta yi, ladanta na sama." Ni dai na daɗe ina koyarwa a makaranta. In aji duka ya ba da amsa ɗaya da sauri, yawanci ba wanda ya karanta tambayar.

A ikilisiyarmu, masu shirin aure sai sun zauna darasi da Fasto ranar Asabar. Ni na raka su, don ni ce babbar da ta rage a gidanmu. A ajin yara na bayan coci ake yi, kan 'yan bencina, gwiwoyin Tela sun kusa taɓa haɓarsa.

Fasto matashi ne mai kirki. Ya yi bayani dalla-dalla: kwanciya ta miji da mata ce, bayan an ɗaura aure, ba kafin nan ba. Don haka masu alkawari kada su keɓe a ɗaki su biyu, sai da na uku, ƙofa kuma a buɗe. Samari da 'yan matan da ke wurin suka sunkuyar da kai suna zungurin juna. Sai ya juyo da murmushi.

"Mama, Baba, wannan ban da ku. Ku ai kun wuce nan. Naku zaman taimakon juna ne."

Yaran suka yi dariya. Tela ma ya yi, amma iya leɓe.

A hanyar gida yana ɗingishi, da muka kai bakin titi sai ya ce:

"Nas, in tausayi ne, ki bar shi. Gyambo yana wankuwa ba sai da aure ba. Ba na so a tara jama'a a ɗaura mini mai jinya. Gobe zan ce wa Fasto kada ya yi sanarwa."

Ta juya ta kama hanyar coci, muka bi ta. Muka tarar da Fasto yana jera bencina.

"Ɗana," in ji ta, "wa ya gaya maka na wuce nan?"

"Mama, ai girmamawa ce…"

"Girmamawa ce ka cire ni daga cikin masu rai? Mutumin nan in ya rataya tef ɗin awo a wuya, yana taka keken ɗinki yana waƙar yabo da wannan muryar, ni na san abin da nake ji. In na gama ɗaure ƙafar, addu'a nake yi in samu in fito da sauri. Dokar nan don wa aka yi ta, in ba don irina ba?"

Fasto ya rasa inda zai sa idonsa. Tela ya ja gefen gyalenta.

"Nas, a coci muke fa."

"To ina ya fi nan dacewa? A kasuwa kake so in faɗa?"

Fasto ya ajiye bencin, ya share goshi. "Na yi kuskure, Mama. Ku gafarce ni. Doka ta hau kanku kamar kowa. Wa zai riƙa raka ki shago?"

Su ukun suka juyo suka dube ni.

Shi ya sa yanzu kowace safiya nake zaune a kujerar roba a shagon Tela, cikin ƙyallaye da ƙanshin dutsen guga, tabarau a hanci, ƙofa a buɗe. Matan zumunta in sun wuce sukan leƙo su ce, "Malama, gadin me kike yi?" Nakan ce su tambayi Fasto.

Tela kuwa ya koma aske gemu kullum, har da turare.

"Yaya, ba ki da wani aiki ne a gida?" yakan ce mini.

"Aikina ke nan. Hannu kan keke, Malam."

"Almakashi zan miƙa mata!"

"Ajiye a tebur, ta ɗauka."

Sai ya yi tsaki, yana ƙunƙuni wai an takura masa, fuskar nan kamar wanda aka yi wa kyauta. Nas tana durƙushe da auduga a hannu, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da farko bayan wata uku aka sa ranar. Lahadin da ta wuce, bayan sujada, Tela ya tsare Fasto a bakin ƙofa ya roƙa a matso da ita.

"Baba, ƙafar ce ta matsa?" in ji Fasto cikin damuwa.

"Ƙafa lafiyarta lau," in ji Tela. "Ka dai matso da ranar."