Tsakanin Waƙa da Waƙa

"Baba, ka ce La'ilaha illallah." Ikrima ya kusa kafa bakinsa a kunnen mahaifinsa. "Baba, ka faɗa mana."

Dabo ya juyar da kai wajen bango. "A'a," ya ce.

Ina tsugune a bakin katifa, zare na maƙale a rigata, don daga kan keken ɗinki aka kirawo ni bayan azahar. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Dabo a nan Daura, kuma tun da asibiti suka ce a maido shi gida kowa ya san abin da ake jira.

Dabo tsohon direban babbar mota ne. Ta iyakar Kongolam yake fita zuwa Nijar da gero, ya dawo da kanwa da dabino. Sauran direbobi darduma da turare suke yo tsaraba, shi kuwa kaset. Kuma sai na mata, murya da abin kiɗa mai tsirkiya kawai, ba hayaniyar na'ura. Akwai 'yar Mali mai kaɗa wani abu kamar gurmi, da 'yar Muritaniya, da 'yar Sudan, da 'yar Habasha, har da ta wani tsibiri da ya samo a Kwatano. Ya tsinto waƙoƙin da ya fi so ya haɗa a kaset guda. Ba ya jin yaren ko ɗaya. Na taɓa ce masa, "In zaginka suke yi fa?" Ya ce, "To sun iya zagi, Sada."

Da aka ƙaddamar da shari'a, Ikrima, ɗansa na fari, ya shiga cikin samarin da ke zagaya unguwa da lasifikar hannu, suna kira zuwa salla, suna hana kiɗa a biki. Bai taɓa fasa wa ubansa kaset ba. Amma da ciwo ya kwantar da tsohon, sai ya ɗauke rikodar ya ɗora a kan sif, ya ce yanzu lokacin karatu ne.

"Baba Sada, ka ji abin da ya ce?" in ji Ikrima. "In ya tafi a kan wannan fa?"

"Ja da baya kaɗan," na ce. Ni ba malami ba ne, abin da na tsinta a littattafai ne tsakanin ɗinki da ɗinki. Amma na san ana laƙƙana wa mai mutuwa kalmar ne cikin taushi, ba a matsa masa, kada ƙunci ya sa ya faɗi abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. In ya faɗa, a ƙyale shi. In ya sake wata magana, sai a sake laƙƙana masa, don kalmar ta zama ta ƙarshe.

Na gwada da kaina, a hankali. Dabo bai ko dube ni ba. Numfashinsa na fita da ƙara, hannunsa na lalube a iska.

Siddiƙa, matarsa, tana tsaye a bakin labule. Ba ta kiran sunan Ikrima, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari. Ni ta fuskanta.

"Malam Sada, ba kalmar yake ƙi ba. Tun safe sif ɗin nan yake nunawa."

"Inna, muryar mata? A wannan lokaci?" in ji Ikrima. "Mala'iku su shigo su tarar da kiɗa a kansa?"

"A gaya masa," ta ce, idonta a kaina, "ni na zauna a gaban motar nan har Damagaram. Duk waƙar da ta ƙare, kafin wata ta tashi, sai mahaifinsa ya yi kalmar shahada. Ya ce barci ke kashe direba, in ajali ya zo gara ya same ta a bakinsa. Har a tsakar gidan nan bai daina ba."

Gaskiya ta faɗa. Na sha jin wani gunguni ta katanga a tsakanin waƙoƙin, ban taɓa sanin ko mene ne ba.

Ikrima ya juyo gare ni. "Baba Sada, kai ka yi karatu. Ya halatta?"

"Ban sani ba," na ce. "Abin da na sani shi ne, maganarsa ta ƙarshe zuwa yanzu 'a'a' ce."

Ya daɗe yana kallona kamar na mare shi. Sannan ya miƙe ya sauko da rikodar. Ba wuta, batiran ciki kuma sun yi sanyi. Da ya danna, sai muryar ta fito a jaye, kamar ta ƙato mai maye. Dabo ya yamutsa fuska, ya yi nishi.

Ikrima ya fice. Na ɗauka ya tafi ke nan, ya bar mana laifin. Sai ga shi ya dawo da lasifikarsa. Ya buɗe bayanta, ya zazzage batiran a tafin hannunsa, ya jera su cikin rikodar.

Tsirkiya ta fara, sannan mace ta ɗauka, murya siririya mai hawa da sauka. Hannun Dabo ya sauka kan zane. Yatsansa ya soma bugawa a hankali, kamar a kan sitiyari.

Waƙar doguwa ce. Numfashin kuwa sai ƙara nisa yake tsakanin ɗaya da ɗaya. Sau ɗaya ya tsaya, sannan ya dawo. Ikrima ya kai yatsa kan maɓallin turawa gaba.

"Kada a tura ta," in ji Siddiƙa. "Ya san tsawonta."

Yatsan ya tsaya a wurin. Gumi na ɗiga daga gemun yaron. Ni ina ta tambayar kaina, in ran ya fita a tsakiyar waƙar nan, wa zai amsa laifin? Shi da ya danna, ko ita da ta roƙa, ko ni da na ce ban sani ba?

Mawaƙiyar ta ja wata kalma ta sake ta. Tsirkiyar ta mutu. Sai shuuu ɗin zaren kaset.

Leɓunan Dabo suka buɗe. "La'ilaha illallah," ya ce, ƙasa-ƙasa, yadda mutum ke faɗin abin da ya saba, "Muhammadur Rasulullah."

Ikrima ya danna maɓallin tsayarwa kafin ta gaba ta tashi.

Dabo ya buɗe ido, ya juyo da su kan rikodar. Bakinsa ya motsa. Duk mun san kalmar da ke iya fitowa: kunna. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Ikrima ya dafe hannun ubansa da hannu biyu, hawaye na zuba.

Iska ce kawai ta fito. Ba ta koma ba.

Da baki Ikrima ya bi gida-gida yana sanar da jana'iza, kuma kafin magariba mun dawo daga maƙabarta. Da na shiga ɗakin ɗauko tabarmi don masu gaisuwa, rikodar na nan a gefen katifar da babu kowa a kai, lasifikar a kusa da ita, bayanta a buɗe. Ta ɗan gilashin ana ganin zaren kaset ɗin, fiye da rabinsa bai juya ba. Siddiƙa ta shigo, ta warware wani tsohon kallabi, ta lulluɓe su duka biyun.